Tsohon da Ke Cikin Rakodar Yaya

Har yau idan aka tambaye ni ko na taɓa ganin mawaƙan da na fi so ido da ido, sai in rasa amsar da zan bayar. Zuwa dai na je. Na tsaya a gabansu tun daga la'asar har aka kira magariba, ƙarar jitarsu tana kaɗa mini haƙarƙari. Amma in ce na kalle su, wallahi ƙarya zan yi. Ni da Baba muna can muna leƙen bayan rumfa, muna jiran wani mutum daban.

Rakodar Yaya ce ta ja mana, don haka da ita zan fara.

Yayana direban babbar mota ne. Yakan yi lodin masara da dawa a Funtuwa ya nausa arewa, ya tsallaka iyaka, wani lokaci har Agadas, ya dawo da gishiri da dabino da labarai waɗanda rabinsu shi ya ƙirƙira a hanya. A wata tafiyar ya dawo ƙauyenmu da ke gefen Dayi da wata tsohuwar rakoda da ya saya a hannun wani, da kaset guda na wasu Buzaye masu kaɗa jitar lantarki. Ya rubuta sunansu da biro a jikin kaset ɗin, ya jefa ciki, ya danna. Shiru. Yaya kuwa ba ya kai abu wurin gyara, gani yake raini ne. Ya kwance bayanta a zaure, ya ɗauko almakashin Inna da wata tsohuwar robar cikin tayar keke, ya yi 'yan yanke-yankensa, ya ɗaura, ya rufe. Sai ga sauti. Ya saurara kaɗan, ya tuntsire da dariya, ya ce, "To, haka ma ya yi." Ban tambaye shi abin da ya ba shi dariya ba, domin Yaya ko akuya ce ta yi atishawa sai ya yi dariya.

A wurin dannawar nan ne murfin kaset ya cije, bai sake buɗuwa ba ko da wuƙa. Sunan mawaƙan dai kana iya karanta shi ta 'yar tagar gilashin, amma kaset ya samu wurin zama. Fuska ɗaya muke ji, in ta ƙare a mayar baya a sake.

Kai, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Jita tana tafiya a hankali, da nauyi, kamar bijimin sa ya taso daga huɗa. Sai wata murya ta shigo, babba, mai kauri, muryar dattijon da ya daɗe a duniya kuma duniyar ba ta raga masa ba. Ko kalma ɗaya ba na ji a yarensa, amma na haddace shi kaf. Ina tsinkar auduga ina rerawa, ina ɓarzar masara ina rerawa, har abokaina suka fara cewa aljanun Buzaye sun shafe ni. Na zana mutumin a raina tsaf: dogo, farin gemu, ido ya faɗa, yana zaune a kan buzu yana waƙa ba ya kallon kowa.

Baba kuwa ba ya son ko ganin rakodar. Manomi ne, daga gona sai masallaci, kuma a wurinsa kiɗa aikin wanda ba shi da abin yi ne. Da ya ji sautin zai ɗaga murya daga cikin gida, "Ku fitar mini da shashancin nan daga zaure!" Sai mu kwashe ta mu yi gona. Shi da Yaya kullum cikin saɓani suke, a kan tuƙi, a kan rashin zama, a kan dariyar nan da ba ta da lokaci.

Sai Yaya ya tafi wata tafiya bai dawo ba. Motarsa ta kife a hanya da lodi a kanta. A can aka yi masa sutura, mu labari kawai muka samu, da jakarsa.

Baba bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya karɓi gaisuwa, ya koma gona, bai sake ambaton Yaya ba, kamar an ɗaure masa baki. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki na dawo daga gona da la'asar na ji muryar nan mai kauri tana fitowa daga ɗakin Baba. Na tsaya a tsakar gida da fartanya a kafaɗa, na kalli Inna, ta girgiza mini kai, wato in yi shiru in wuce. Daga ranar ya zama kullum. Shi da kansa yake sayo batir ranar kasuwar Dayi, ya ɓoye a ƙarƙashin goro kada abokansa su gani. Wata rana ya kira ni in mayar masa da kaset baya, ina tsugunne sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tsohon nan ya san mutuwa. Ba na jin abin da yake faɗi, amma wannan ya binne ɗa."

Tun daga nan sunan mawaƙin ya zama tsohon nan a gidanmu. Da shi Baba yake zaman makokin da ya ƙi yi da mutane. Na san in aka raba shi da wannan, ba shi da wani wurin da zai ajiye abin da ke ransa.

Kaka ta zagayo sau biyu ko uku a haka. Lokacin wayar hannu sai a hannun alhazai, ba yadda za ka ji waƙa sai a inda ka same ta. Ran nan wani abokin Yaya, shi ma direba, ya tsaya a Dayi shan shayi ya hango ni. Ya ce wani Alhaji dillalin hatsi a Funtuwa zai aurar da ɗansa, kuma saboda hulɗarsa da mutanen Nijar ya ɗauko masu jita tun daga can. Ya faɗi sunansu. Na ce ya sake faɗi. Sunan da ke jikin kaset ɗin Yaya ne, harafi da harafi.

Niyyata in sulale ni kaɗai in ce na je duba farashin waken suya. Amma bakina ba ya riƙe magana, na faɗa wa Inna, Inna kuma ta faɗa wa Baba don ya hana ni. Da safe ya kira ni, na tafi ina shirya ƙaryar da zan yi.

Ya ce, "Tare za mu."

Na ce, "Ina, Baba?"

"Wurin tsohon nan. Zan gaishe shi."

Inna ta saki muciya. "Malam! Wurin kiɗa? Da furfurarka? In mutanen gari suka ji fa?"

Ya ce, "Su ji. Ba rawa za ni ba. Mutum ya zauna da ni a ɗaki tsawon wannan lokaci, ya zo har ƙasarmu, in ƙi zuwa in ce masa sannu?"

Kuma tunda ba a zuwa gaida babba hannu rabbana, ya sa na kamo zabon da ya fi kowanne girma a gidan, aka ɗaure masa ƙafafu. Ya naɗe rakodar a tsohon zanen Inna ya saƙala a hammata, wai don tsohon ya ga inda muka san shi. Haka muka shiga mota daga Dayi zuwa Malumfashi, muka sake wata zuwa Funtuwa, Baba cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ni da zabo a cinya yana yi wa fasinjoji ihu. Kunya kamar ta kashe ni, amma murna ta fi ta yawa.

A filin wata makaranta aka yi abin, bayan la'asar. An kafa rumfa, an jera wa alhazai kujeru, janareta na ruri a gefe, lasifikoki manya-manya a tsaye. Muka samu gefen wani benci, na zaunar da Baba, na tsaya a bayansa da zabo. Sai ga wasu samari sun fito cikin shadda da rawuna, wasu rataye da jita, ɗaya ya zauna a bayan ganguna. Wanda ya tsaya a tsakiya siriri ne, gemunsa bai gama haɗuwa ba, in ya girme ni to da kaɗan ne.

Suka saki kiɗa. Innalillahi! Sai da na ja da baya. Gudu kawai suke, jita na ƙara kamar ana wasa wuƙa, mai ganga kamar yana bin wani bashin duka, siririn nan ya buɗe baki da wata 'yar murya sama-sama, tsiririya. Kafin ka ce me, samarin Funtuwa sun cika fili suna tsalle, ana ta fito da ihu.

Na sunkuya na ce, "Baba, anya?"

Ya ɗaga mini hannu, hankalinsa kwance. "Yaransa ne. Kai ba ka san tsari ba? Babban makaɗi ba ya fara fitowa. Sai yara sun share fage, wuri ya yi zafi, sannan ya taso."

Na ji kunyar kaina. Ai haka ne. Duk makaɗin da ya taɓa zuwa yankinmu, na noma ne ko na dambe, haka yake yi: yara su yi ta bugawa, shi yana can zaune a inuwa ana yi masa fifita, sai an matsu sannan ya miƙe. Don haka na daina kallon samarin nan gaba ɗaya. Na kafa ido a bayan rumfa, inda wata farar mota take tsaye, na tabbata a ciki yake.

Waƙa ta ƙare, wata ta shiga. Ita ma ta ƙare. Rana tana ta yin ƙasa. Na taɓo wani da ke kusa da ni yana ta rausaya, na ce, "Malam, don Allah yaushe maigidan zai fito?"

Ya ce, "Ango? Ga shi can ai, mai farar hula."

"A'a, maigidan waɗannan. Tsohon."

Ya dube ni, ya dubi zabon, ya matsa gaba abinsa.

Nan fa kaina ya fara ɗaurewa. Ko dai bikin wani muka zo? Funtuwa babban gari ne, ba mamaki akwai wani Alhajin da wasu Buzayen a wata unguwa, tsohon yana can yana waƙa mu muna nan muna shan hayaniya. Ko kuwa an damfari Alhajin ne, aka kawo masa 'yan koyo da sunan manya? Ko abokin Yaya ne ya yi mini shaƙiyanci? Na rantse a raina in na gan shi sai na faɗa masa wadda ba zai manta ba. Na tambayi wani mai sayar da rake sunan mawaƙan, ya faɗi sunan nan dai na jikin kaset. To ina mutumin?

Abin da ya ƙara rikita ni, can cikin wata waƙa na ga ƙafata tana bugawa da kanta. Na san inda jitar za ta karya kafin ta karya. Bakina ya riga mawaƙin isa wata gaɓa. Na san waƙar nan, amma ban san ta ba, kamar ka ga ɗan garinku a tasha ya wuce da gudu a kan babur. Baba ma ya ji. Ya juyo ransa a ɓace ya ce, "Ka ji marasa ladabi? Waƙar ubangidansu ce suka ɗauka suna gudu da ita." Na ce, "Wallahi kuwa, Baba, sun ɓata ta." Muka yi tsaki tare. Ina jin wannan ne karo na farko da ni da Baba muka yarda a kan maganar kiɗa.

Ana cikin haka sai ga wani dattijon Buzu ya ɓullo daga bayan farar motar, dogo, da farin gemu, rawani har hanci, riƙe da 'yar butar shayi. Na taɓo Baba. Shi ne sak yadda na zana shi. Baba ya miƙe tsaye yana gyara riga, ya ce, "Kawo zabon." Muka ratsa mutane, Baba ya rage tsawo ya miƙa masa hannu biyu, ya jero gaisuwa: ya hanya, ya gajiya, ya mutanen Agadas. Dattijon ya amsa duka cikin fara'a, sannan ya ce shi maigadin makarantar ne, ya fi shekara ashirin a Funtuwa, ko muna neman wurin alwala ne?

Muka koma bencinmu, an riga an zaune mana.

Da aka kira magariba kiɗa ya tsaya cak. Aka kashe janareta, samarin suka fara naɗe wayoyi. Ba wanda ya fito daga farar motar. Na dubi Baba, na ga fuskarsa irin ta ranar da aka kawo jakar Yaya. A hankali ya ce, "Ya rasu ke nan. Shi ya sa yaran suke yin yadda suka ga dama. Mu yi salla mu yi musu gaisuwa."

A sahu ɗaya muka yi salla da su, a kan tabarmin da aka shimfiɗa a gefen fili. Bayan an shafa, Baba ya matsa kusa da siririn nan ya ce, "Yaro, ya haƙuri? Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta."

Saurayin ya ce amin, don ba a ƙin amsa addu'a, sannan da Hausarsa ta mutanen arewa ya ce, "Baba, wane tsoho?"

"Mahaifinku. Ko ubangidanku ne? Mai waƙar."

"Mahaifina yana nan da ransa, yana wajen raƙumansa. Bai taɓa riƙe jita ba. Waƙoƙin nan nawa ne."

Baba ya dube ni, ni ma na dube shi. Ni dai a lokacin na fara zargin ko mu ne muka zautu. Baba bai yi gardama ba. Ya warware zanen Inna, ya ajiye rakodar a tsakiyar tabarma, ya danna. Jitar nan mai nauyi ta taso, muryar tsohon ta biyo baya. Sauran samarin suka matso suka kewaye mu.

Mai ganga ne ya fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. Na ji kamar in kwaɗa masa zabon. Shi kuwa siririn bai yi dariya ba. Ya karkata kai yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe. Can ya ce, "Baba, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Wannan da ke waƙa. Ni ne. Rakodarka ce take jan ƙafa."

Ya jawo jitarsa, ba lantarki, ya bi kaset ɗin a hankali, daidai da daidai. Sannan ya sa aka kashe rakodar, ya ci gaba shi kaɗai yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, muryarsa tana hawa, har waƙar tsohon ta rikiɗe a gabanmu ta zama waccan da muka yi wa tsaki ɗazu. Ina ji ina gani, amma kaina ya ƙi ɗauka. Wato tun la'asar su nake kallo? Wato mutumin da na yi shekaru ina so, babu shi, kuma ga shi zaune a gabana yana sosa ƙeya?

Ɗaya daga cikinsu ya karɓi rakodar ya kwance bayanta da bakin wuƙa, ya haska da tocila. Ga ta nan: 'yar baƙar roba, an yanka ta a karkace, gefe ɗaya ya fi faɗi, ta saki. Ya ce, "Wa ya sa wannan? Ai robar keke ce. Gobe a kasuwa za ku samu ta gaskiya, yanzu za ta dawo daidai."

Sai na tuna almakashin Inna, da zaure, da dariyar nan. Na ce, "Yaya ne."

Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan rakodar ya ce, "Rufe ta." Mutumin ya fara bayani, Baba ya sake cewa, "Rufe ta, yaro."

Siririn ya ce, a hankali, "Ban taɓa jin ta haka ba. Waƙar biki ce fa, Baba. Ta rawa ce."

Baba ya ce, "A gidanmu ba ta rawa ba ce."

Ya naɗe kayansa ya miƙe. Sai ya ga zabon a hannuna, ya tsaya, shi ma bai san yadda zai yi da shi ba. Daga baya ya karɓa ya miƙa wa saurayin ya ce, "Ba kai na kawo wa ba, amma kai na samu."

A Funtuwa muka kwana, gidan abokin Yaya, wanda ban samu bakin zaginsa ba. Da safe muka shiga mota, rakodar tana kan cinyar Baba. Ni kuwa tsoro ya cika ni. Na kai shi ne ya gaida abokin makokinsa, na dawo da shi ba kowa. Sai da muka wuce Bakori ya ce, yana kallon gonaki, "Ya sani?"

"Wa, Baba?"

"Yayanka. Ya san ba tsoho ba ne?"

"Ya sani mana. A can ya ji su."

"Bai faɗa ba."

"Bai faɗa ba."

Ya mayar da idonsa kan gonaki. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. "Ɗan banza," in ji shi. "Ɗan banzan yaro." Dariya yake, hawaye na bin gemunsa, bai share ba, fasinjoji na kallo. Tun rasuwar, ranar ce ya fara ambaton Yaya da bakinsa.

Da muka koma gida rakodar ta yi kwanaki ba a taɓa ta ba. Inna ta tambaye ni me ya faru, na yi ta bayani, ita ma ta rikice ta ce in bar ta haka. Ran nan da la'asar ina gyaran rumbu na ji Baba ya ƙwala mini kira. Ya nuna rakodar da haɓa. Bai ce tsohon nan ba, kuma bai sake faɗin haka ba har ya bar duniya. Ya ce, "Zo ka mayar mini da aikin yayanka baya."

Robar ta riƙe har bayan rasuwar Baba, sannan ta tsinke a wata bazara. Yanzu duk waƙoƙin mutanen nan suna cikin wayata, da saurinsu na gaskiya, 'ya'yana suna rawa da su a tsakar gida, ni kuwa ba na iya kai ɗaya ƙarshe. Rakodar tana nan a ɗakina. Na yanka robar keke ban san iyaka ba, da almakashin nan dai na Inna, wata ta yi sauri, wata ta ja da yawa har kaset ya tsaya. Har yau ban dace da yankan Yaya ba.